Tukunyar Inna a Cikin Inji

Asabar, 6 ga Afrilu, 1957

Habila ya sayi mota. Na rubuta ne don in gani da idona ko zan yarda. Mijina da takalminsa ya huje tun bara. Ja ce, 'yar ƙarama, ba rufi, kujera biyu tak, ta wani Bature ce da zai koma gida. Turo ta aka yi har ƙofarmu, rabin Tudun Wada na biye. Na ce, "Baban Jane, mu huɗu ne a gidan nan, sauran a ka za a ɗauko su?" Wai ba motar iyali ba ce, ta gudu ce. Gudu zuwa ina, oho.

Talata, 9 ga Afrilu

Ya zube kayan cikinta a kan tabarmata. Wai motar ba ta samun numfashi. Akwai wani bututu mai rassa da ke kai iska da fetur daga kafireto zuwa cikin inji, shi yake kira maƙogwaro. Nata ya tsage, kuma wai da ma can ya yi ƙunci. Zai yi nasa mai faɗi, ya ɗora kafireto biyu maimakon ɗaya. Yana ta sassaƙa siffarsa da itace. Malam Labaran mai zuba tukwane a bayan kasuwa zai danna siffar cikin yashi, ya kwarara narkakken alminiyam a gurbin.

Tun aurenmu ban taɓa ganin ya shafa wani abu yadda yake shafa itacen nan ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Zubin farko ya fito duk huji kamar rariya. Tsofaffin fistin na injin mota suka narka, wai da dauɗa a jikinsu. Bai ci tuwo ba. Ni kuwa daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na je wurin Adaku maƙwabciyarmu karɓo babbar tukunyar Inna, wadda ta ara don baftismar ɗanta. Ista ta kusa, a ciki nake dafa shinkafar baƙi kowace shekara. Ta ce ai maigidana ya karɓa tun Litinin. Na ce mata kada ta raina mini hankali, me namiji zai yi da tukunya? A gaban masu sayen kaya na faɗa. Ta dube ni kawai ta ce, "Malama Felicia, ki tambaye shi."

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ya narkar da ita.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na je majami'a, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Bai ma yi musu ba, abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Wai alminiyam mai tsabta ake bukata, ya duba ko'ina bai samu irin nata ba. Wai ta tsufa, gindinta ya loɓa, kuma ya riga ya biya a zuba mini sabuwa wadda ta fi ta. Murmushi yake yi da ya fara faɗa. Shi a ganinsa kyauta zai ba ni.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Tukunyar nan ta bari. Duk unguwa an san ta, ba bikin da ba ta je ba, na Musulmi da na Kirista. Inna ta yi mata zane uku a kunne da wuƙa don kada ta ɓata a gidan aro. Kuma ba ta taɓa barin ta kwana da baƙi ba, sai ta dirje ta da toka har ka ga fuskarka. Loɓawar da yake rainawa, ni na yi ta, na kayar da ita ina ƙarama na sha duka.

Murfin ne kaɗai ya rage, don Adaku ba ta ara da shi ba. Na ɓoye shi cikin akwati, ban san don me ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ista. A tukunyar Adaku na dafa. Ita da kanta ta kawo tun ban je ba da haƙuri ba. Kunya kamar in nutse. Ba na magana da Habila, ta bakin Jane muke gaisawa.

Laraba, 24 ga Afrilu

Zubi na biyu ma bai yi ba. Alminiyam ɗin ya gaza, reshe ɗaya ya fito dungu. Wato a banza ta tafi.

Habila ya tsaya a ƙofar ɗakin girki da abin a hannu, ya rame. Ya ce, "Maman Jane, na ce wa Labaran ya mayar miki da shi tukunya. Motar kuwa, bari ta ruɓe a nan." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na je wurin Malam Labaran. Ga azumi a bakinsa, ga wuta. Ya ce wallahi da ya lura da zanen nan uku da bai sa mata guduma ba, sai da ta fashe ya gani. Na tambaye shi ko za ta dawo yadda take. Ya ce, "Malama, tukunya za ta fito, amma ta Inna ta riga ta tafi." Na tambaye shi nawa ya gaza a zubin. Ya nuna da tafin hannu.

Na kwance ɗaurin zanena na ajiye masa murfin. Ba don Habila ba. Murfi ba tukunya, me zai rufe?

Asabar, 4 ga Mayu

Maƙogwaron ya fito lafiya. Kwana da kwanaki Habila na gurzar cikinsa da magagari, wai iska ba ta son gargada. Yau ya ɗaura, ya yi ta murɗa kafireton nan biyu yana kasa kunne. Da motar ta tashi, kajin Adaku sai kan katanga. Ƙarar har cikin ƙirjina. Ya je Hanwa ya dawo kafin ruwan tuwo ya tafasa, na tsorata ƙwarai. Ya ce in shiga, na ce Allah ya kiyaye.

Litinin, 6 ga Mayu

Ya tafi aiki ya bar murfin injin a buɗe. Wucewa kawai nake yi na leƙa. Duk ya ɓata maƙogwaron da baƙin mai, har da shatin yatsunsa. Namiji dai bai san darajar kaya ba.

Ban yafe ba, kada ya ɗauka. Toka ce da ma a hannuna. Sai da na ga fuskata a jikinsa sannan na bari.