Ranar da Farashi Ya Faɗi Ya Tashi

Johannesburg, Laraba

Yaya Kedibone,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya, ƙafarki kuma ta yi sauƙi. Na ba direban tasi wannan takarda ya kawo miki don na kasa faɗa da baki. Ina ta ɗaukar waya ina ajiyewa.

Kin tuna da Kirsimeti na ba ki shawara kan hannun jarin kamfanin ma'adinai da kuka saya da kuɗin adashinku? Na ce ki saita manhajar wayarki yadda in farashi ya sauka sosai za ta sayar da kanta, don kada ku yi asara mai yawa.

Jiya da safe shawarar nan ta zama tarko. Yanzu yawancin ciniki a kasuwar ba mutane ke yi ba, komfutocin manyan kamfanoni ne, suna saye suna sayarwa sau dubbai kafin ki ƙifta ido. Wani ya fito da hannun jari mai yawa don sayarwa lokaci guda, injinan suka tsorata, kowanne ya bi ɗan'uwansa. Farashi ya zube da kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya yi saiti irin wanda na ce ki yi, an sayar masa a can ƙasa, injinan kuma suka kwashe da araha. Ina zaune a ofishinmu na dillanci ina kallo, kafin shayina ya huce farashi ya koma inda yake.

Yaya, kuɗin matan cocinmu ne, ke ce ma'ajiyarsu, kuma ni na sa ki. Zan sayar da motata in cike abin da ya salwanta. Ki gaya musu laifina ne.

Ƙanenki,
Otsile

Rustenburg, Juma'a

Otsile,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Kai kuma daga rubutunka na ga ba ka ci abinci ba.

Bar motarka, ɗan birni. Ba a sayar mana da komai ba, don ban taɓa yin saitin nan ba. Da ka yi bayani na ce “To, na ji,” ai ban ce na yi ba. Na kai maganar gaban mata a taronmu. Mma Gaopalelwe, wadda ta girme mu duka, ta gyara tabarau ta ce, “Wato waya ce za ta sayar da kayanmu ba ta tambaye mu ba? Ita ta zuba adashin?” Aka fashe da dariya, magana ta mutu.

Amma kada ka ɗauka ni wata jaruma ce. Ranar Talata ina layi a asibiti na duba waya, na ga komai ya yi ja, alamar farashi ya faɗi. Na tuna ɗaya daga cikin matanmu, Seipati, da ke jiran kuɗin nan don karatun ɗiyarta, na ce gara in tsira da abin da ya rage. Na danna a sayar. Manhajar ta tsaya tana juyi. Na sake dannawa, na zage ta, har matar da ke bayana ta ce, “Baiwar Allah, mijinki ne?” Lokacin da manhajar ta buɗe, farashi ya dawo. Na shiga banɗakin asibiti na yi kuka na gode wa Ubangiji, layina ya wuce.

Sai dai akwai abu ɗaya. Malam Tlhabane, tsohon malaminka na lissafi, yana tare da mu a tebur ranar Kirsimeti da kake bayani. Shi ya yi saitin, kuma kuɗin sallamarsa daga aiki ne. Matarsa ce ta gaya min.

Ka ci abinci.

Yayarki,
Kedibone

Johannesburg, Litinin

Yaya,

Na karanta takardarki a tsaye a tashar tasi, sai ga ni zaune a kan buhun wani. Ki gaishe min da Mma Gaopalelwe, ki ce mata da ina da ofis nawa da na ba ta kujerar shugaba.

Maganar Malam ce ta rage min daɗi. Na bincika ko za a soke cinikin safiyar Talata, aka ce ba a karya doka ba, ciniki ya tabbata. Na kira shi, bai ɗauka ba. Mutumin da ya koya min lissafi, yau ni na rage masa abin da ya tara. Ko in zo, ko in bari ya huce? Abin da kika ce shi zan yi.

Ƙanenki,
Otsile

Rustenburg, Alhamis

Otsile,

Gaisuwa. Malam ya shigo jiya bayan taron addu'a. Ya ce ya ji zafi, ba zai ɓoye ba, amma da yatsansa ya danna, kuma abin da ya rage zai riƙe shi da matarsa. Wayarka kuwa, ya ce shi ba ya karɓar ban haƙurin ɗalibi ta waya.

Ka taho ran Lahadi mu ci abinci tare. Ya ce in ajiye masa kujera kusa da taka, kuma ka zo da alli, akwai sauran darasi.

Yayarki,
Kedibone