Muryar da Ke Waƙa ta Bakwai ta Mahaifina Ce

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ya fitar da kundin waƙoƙin “Bayan Kwata”, Ashanti New Town, Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata.

Jiya Talata kamfaninka ya ba da sanarwa cewa muryar da ke buɗe waƙa ta bakwai a sabon kundinku na hip-hop “sautin unguwa ce, ba ta da mai ita”, kuma ba za a cire ta ba. Sanarwar ta rufe da ba da haƙuri ga “duk wanda bai ji daɗi ba”. Na yi shekaru ina gyara labarai a gidan rediyo, na san irin wannan jimlar. Ana rubuta ta ne don a ce an ba da haƙuri ba tare da an amsa laifi ba.

Muryar tana da mai ita. Sunansa Malam Isiyaku, ladanin masallacin layinmu a Dichemso, kuma mahaifina ne. Mawaƙinka kuwa ba zan rubuta sunansa ba. Tallan da ya samu a kanmu ya ishe shi.

1. Abin da kuka ɗauka. Ka san al'adar zongo, Alhaji, tunda a ciki aka haife ka. In an yi rasuwa, ladan ke hawa lasifika ya faɗi sunan mamaci da gidansu da lokacin jana'iza. Baba ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Bara, bayan ƙaramar sallah, ƙanwata Rahinatu ta rasu, ta bar yara biyu. Na'ibinsa ya ce zai yi sanarwar, Baba ya ƙi, ya ce ya kira sunan 'ya'yan mutane da yawa, ba zai gudu ranar tasa ba. Ina cikin gida riƙe da hannun Mma, mahaifiyarmu, muka ji shi. Ya fara daidai yadda ya saba. Da ya zo kan sunanta sai muryarsa ta karye, ya ja numfashi, sannan ya ƙarasa. Wani maƙwabci ya ɗauka a waya ya tura wa danginmu na Yamai da Accra don su sani. Daga hannu zuwa hannu ta kai situdiyonku.

2. Abin da kuka yi da ita. Na saurari waƙar sau uku da agogo a hannu. Sanarwar daƙiƙa arba'in da ɗaya ce. Kun yanke sunan Rahinatu, kun cusa sunan wani mawaƙi da yaronka ke rigima da shi, don a ce ya binne shi da waƙa. Wurin da muryar Baba ta karye kuwa ba ku yanke ba. Kun maimaita shi sau huɗu, kun ɗora masa ganga. Wanda ya zauna gaban na'ura ya zaɓi wannan gurbin ya san kukan gaske ne yake ji. Don haka ma ya zaɓe shi.

3. Kada a ce ban san sana'ar ba ko ina ƙin kiɗan samari. Na saurari kundin gaba ɗaya. Waƙa ta uku, wadda ke maganar ruwan kwata da ke shiga ɗakunan mutane duk damina, aiki ce mai kyau, kuma ita kaɗai ce. Sauran tutiya ce da motar aro da agogon aro. Na san ɗauko tsohon sauti a gina sabo a kai tsohuwar ɗabi'ar wannan kiɗa ce. Na kuma karanta bayanin da kuka fitar tare da kundin. A waƙa ta huɗu kun ɗauko jitar wani tsohon makaɗin highlife, kun rubuta sunansa, kun gode wa magadansa bisa izininsu. Ashe kun iya neman izini. Abin da ya raba gidan nan da namu shi ne su suna da lauya, mu muna da tabarma da buta.

4. Yadda gari ya karɓa. Ina taya ka murna, kundin ya karɓu. Yana cikin motocin haya na trotro daga Sofoline har tasha, yana cikin kowane pragya, babur mai ƙafa uku, ana sa shi a gidan aure. Wani mai sharhi a rediyo ya yaba “tsohon ɗan wasan da ya kwaikwayi ladan”, ya ce ya cancanci kyauta. Babu wanda ya fito daga ofishinka ya gyara masa. Samari a bakin layi suna kwaikwayon karyewar muryar in Baba ya wuce, ba da mugunta ba, su a wurinsu amshi ne. Mma ta daina zama a ƙofar gida da tiren ƙosanta, domin ba ta san lokacin da wani mai babur zai zo wucewa da mutuwar 'yarta a lasifika ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Da, in aka ji “Inna lillahi” a lasifika, mai ɗinki kan tsayar da keke, mai tuya ta ɗaga kai, kowa ya jira suna. Makon jiya na'ibi ya sanar da rasuwar wani dattijo mahauci da ya shekara hamsin a unguwar. Sahu biyu aka yi masa. Mutane da dama sun rantse mini sun ji, sun ɗauka waƙarku ce.

5. Baba. Kwana uku da fitar kundin, dattawan kwamitin masallaci suka kira shi suna tambayar ko shi ya sayar da muryar. Mutumin da bai taɓa jin waƙar ba, a gabansu aka kunna masa a waya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce su yi masa afuwa, ya koma gida. Yau kwana goma sha tara bai kira sallah ba. Yana zuwa ya tsaya a sahun baya. Da na matsa masa sai ya ce, “Zuwaira, in na buɗe baki yanzu, wa zai ji Allahu Akbar? Rawa za su ji.”

Na kira ofishinka sau biyar. A na ƙarshe wani manaja ya ɗauka, ya ce, “Hajiya, ai tsohon ya yi suna, ku gode Allah.” Washegari aka aiko mana da tikiti biyu na wasan ƙaddamarwa da riga mai hoton mawaƙin. Suna nan a leda, a aiko a ɗauka.

Abin da nake nema ba kuɗi ba ne, kada wani ya ɓata lokaci ya zo da ambulan. A cire muryar mahaifina daga waƙar a duk inda kuka ɗora ta, a kuma sanar da gidajen rediyo su daina sa tsohuwar. Kamfanin ya rubuta wa kwamitin masallaci takarda mai sa hannunka cewa Malam Isiyaku bai sayar ba, bai sani ba, ba a tambaye shi ba. Sannan kai da yaronka ku zo gida, ba kyamara, ku zauna a gaban Mma ku faɗi sunan da kuka yanke. In har ranar Litinin ban ji daga gare ka ba, zan kai maganar gaban Sarkin Zongo, daga nan ga lauya. Mu ma za mu iya nemo shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da arzikin halal, ya shirya mawaƙinka, ya ba shi basirar da zai daina tono kaburbura don ya cika waƙa. Ranar da za a kira sunanka a lasifika, wadda muke roƙon Allah ya nisanta, ina yi maka fatan mutane su tsaya su saurara.

Ina cikin rubuta wannan takarda na'ibi ya aiko cewa Baba ya karɓi makullin ɗakin lasifika bayan la'asar. Ko shi zai kira sallar Juma'a, bai faɗa wa kowa ba tukuna.

Wassalam.

Zuwaira Isiyaku
Dichemso, Kumasi