Likita Ta Ce A Sa Ido, Ni Na Ce A Zuba Ido

Gwaggo, ki taimake ni, don na kai inda ba ni da wanda zan faɗa wa sai takarda. Na san da ƙyar in kin girme ni, amma tunda kowa Gwaggo yake ce miki a wannan shafi, ni ma na bi sahu. Shekarata sittin da huɗu, gyaran agogo ne sana'ata. Shagona ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da caja da mai yankan makulli. Shekara talatin da wani abu ina zaune a kujera ɗaya da gilashi maƙale a ido. Na faɗi haka ne don ki san ni ba mai gaggawa ba ne. 'Ya'yana ma cewa suke abin nawa ya yi yawa.

Maganar ta mai ɗakina ce. Malama ce a makarantar ƙananan yara, irin waɗanda ba su iya riƙe fensir ba tukuna, saura shekara uku ta ajiye aiki. Aikin nata duka da murya ake yin sa. In kin bi ta bayan katangar makarantar da safe, tata za ki fara ji kafin ta yara arba'in.

Wata biyu da suka wuce kunnenta na hagu ya toshe, muka je asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Kunnen ba wani abu ba ne, dauɗa ce ta cushe, minti goma aka wanke. Da mun tashi a nan da ban dame ki ba. Amma likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarmu ba, ta shafa wuyanta ta ce a yi hoto. Hoton ya nuna ɗan ƙullutu a cikin halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aka sa siririyar allura aka ɗebo kaɗan aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, ciwon daji ne. Milimita takwas. Ni da nake aiki da milimita kullum na san girmansa, bai kai batirin agogon hannu na maza ba.

Likitar ta juyo mana da fuskar kwamfuta ta yi bayani a natse, kuma wallahi na fahimta. Ta ce a da, da an ga irin wannan sai wuƙa. Amma masu bincike sun bi mutane da yawa masu irin wannan ƙaramin na tsawon shekaru, ba a yi musu aiki ba, hoto kawai ake yi musu lokaci lokaci. Aka ga a yawancinsu abin bai ƙaru ba, waɗanda nasu ya ƙaru kuma aka yi musu aikin a lokacin, jinkirin bai cutar da su ba. Ta nuna mana cewa na mai ɗakina yana nesa da jijiyar murya da hanyar numfashi, kuma babu komai a kaluluwar wuya. Ta ce hanya biyu ce, ko a yi tiyata yanzu, ko a sa ido, a riƙa dawowa hoto duk wata shida. Ta ce ita da za a tambaye ta, sa idon za ta fi so.

To ga inda na ɓata. Muna fitowa ƙofar asibitin, ga hon ɗin motoci, ga rana, ina riƙe da jakar matata da fayil a hannu ɗaya, sai babban ɗanmu ya kira daga garin da yake aiki. Injiniya ne, irin mutanen da in famfo ya ɗiga sau biyu sun kira mai gyara. Ya tambayi me aka ce. Na ce masa daji ne, amma likita ta ce mu zuba ido. Zuba, Gwaggo. Ban san daga ina kalmar ta faɗo bakina ba. Na ji ya yi shiru, na zaci layi ne, na kashe wayar muka shiga mota.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Yaron ya sa a gurup ɗin iyali na waya cewa asibiti sun sallami Mama, sun ce ba abin da za a iya. Washegari falonmu ya cika da mata, kowace ta shigo sai ta kalli wuyan matata kafin ta kalli fuskarta. Wata ƙanwar kakarta da rabonmu da ita shekara shida ta zo tana dogara sanda don su yafi juna. Matata ce ta riƙa tashi tana kawo wa masu yi mata jaje ruwa.

Na kira yaron na gyara maganar, na ce sa ido aka ce, ni ne bakina ya kuɓuce. Ya ce sa ido da zuba ido ai duk ido ne, shi hannu yake so ya gani. Ya ce ya san halina. Ya tuna min da rufin ɗakin girki da na ce bari mu ga damina, sai da silin ya faɗo. Ya tuna min da haƙorina da na yi ta jinkirin kaiwa asibiti. Ya ce uwarsa ba agogo ba ce da zan rataye a bango in ga ko zai ci gaba da tafiya. Wannan ta shige ni, har yau ba ta fita ba. Yanzu ya samo wani likitan tiyata a wani asibiti, har an tsayar da ranar aiki, mako biyu masu zuwa. Ƙannensa duka suna bayansa. Ni kaɗai ne a gefe, kamar ni na ɗora mata ciwon.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce an yi wa ƙanwata aiki a wannan wurin na wuya, ni na sa hannu a takardar. Ta warke, amma muryar ba ta dawo ba. Mace ce mai dariya da surutu, yanzu in tana magana sai an kashe fanka. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, amma duk sanda ta kira ni a waya na ji wannan raɗar sai in tuna da hannun da na sa. Shi ya sa ban sani ba, maganar likita nake bi ko tsorona nake bi na fake da likita. In na hana aikin abin ya girma, me zan ce wa yaran nan? In na bari aka yi ta fito ba murya, wa zai tsaya gaban ajin?

Ita kuwa mai ɗakin nawa ta daina magana a kan batun. Tana zuwa aiki, tana dawowa, ta naɗe wuyanta da gyale ko ana zafi. In na taɓo zancen sai ta ce duk abin da muka yanke ni da ɗanta. Jiya na ɓata agogon wani mutum da ya kawo a sa masa batiri kawai, abin da ban yi ba tun ina koyo. Ki faɗa min, in tsaya a kan bakana ko in sakar wa yaron?

Mai gyaran agogo

Ɗan'uwa mai agogo,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na biyu nema nake yi, ko zan ga inda aka ce ga abin da mai wuyan take so. Na sami ra'ayinka, na sami na Injiniya, na sami na likita, har tsohuwa mai sanda ta samu shiga. Na matarka layi ɗaya ne, shi ma cewa ta yi ku yanke. Macen da ta shekara da shekaru tana sarrafa yara arba'in da baki, ba ta rasa ra'ayi a kan wuyanta ba. Gajiya ta yi. Ta ga mijinta da ɗanta sun ja daga, duk wanda ta bi ta kayar da ɗayan, sai ta ja gyale ta yi shiru. Kada ka ɗauki wannan a matsayin yarda.

Bari in fara da kalmar da ta haɗa ku. Kana da gaskiya, ba ɗaya ba ne. Mai zuba ido ya naɗe hannu yana jiran abin da zai faru. Mai sa ido aiki yake yi, yana da rana, yana da ma'auni, ya san in abu ya kai kaza zai tashi. Ni ba likita ba ce, amma abin da likitarku ta faɗa ba ƙirƙirarsa ta yi ba. An yi wannan binciken, kuma likitoci da dama yanzu suna ba masu ƙaramin irin wannan zaɓin a bi shi da hoto, in dai ya cika sharuɗɗan da ta lissafa muku. Ba rowa ba ce, ba sakaci ba ne.

Sai dai kada ka yi saurin gyara zama. Yaron nan ma yana da tasa gaskiyar. Sa ido yana komawa zuba ido ne ranar da aka tsallake hoto ɗaya aka ce bari a ga wata mai zuwa, kuma da bakinka ka ba ni labarin silin. Shi ba likitar yake tuhuma ba, kai yake tuhuma, kuma ka ba shi dalili. Ka kuma tuna yadda labarin ya same shi. Yana nesa, a waya, aka ce masa uwarsa na da daji kuma a zuba ido, sannan aka kashe. Tsawon tafiyarku zuwa gida shi a ransa uwarsa mutuwa take yi. Wanda ya ɗanɗani wannan ba ya dawowa daidai don an ce masa baki ne ya kuɓuce. Ka kira shi ka ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, ba tare da ka haɗa da amma ba. Maganar agogon bango da ya yaɓa maka ba ta dace ba, zai gane da kansa, ba yanzu ba ne lokacin karɓar wannan.

Game da ƙanwarka, na ji maka, kuma na yaba da ka iya tuhumar kanka. Amma tiyata ba dodo ba ce. Haɗarin murya gaskiya ne, likitoci ma ba sa ɓoye shi, sai dai yawancin waɗanda ake yi wa aikin da muryarsu suke fitowa. Abin da ya sami ƙanwarka ba alkawari ba ne a kan matarka. Akwai kuma mutanen da ko an rantse musu abin ba ya motsi, ba za su iya rayuwa da sanin yana nan ba, kullum hannunsu na wuya. Irin waɗannan in sun zaɓi a cire, ba su yi wauta ba. Gyalen nan da take naɗawa a cikin zafi, ban san me yake nufi ba, kai ma ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba.

Ga abin da nake gani. Ka sauka daga aikin ɗan aike, mun ga yadda ka iya shi. Ku koma wurin likitar farko a cikin makon nan, Injiniya ya zo ko a sa shi a waya a buɗe murya, ya yi duk tambayoyinsa da kansa: girman da in an kai za a yi aiki, me za a duba a kowane hoto, me zai faru in ya ƙaru. A rubuta amsar a takarda. Ranar da ya tsayar wurin likitan tiyata kuma kada ka soke ta, ka nemi a mayar da ita ranar ganawa, a kai masa hoton da sakamakon gwajin ya faɗi nasa. Jin bakin likita na biyu ba cin fuskar ta farko ba ne.

Amma kafin duk wannan, ka roƙi likitar ta ba matarka minti goma sha biyar ita kaɗai, kai kana waje a kan benci, wayar ɗanka a kashe. A nan za ta tambayi abin da ba za ta tambaya a gabanku ba. In ta fito, ka ba ta kwana biyu, sannan ka tambaye ta sau ɗaya, ka rufe bakinka har ta gama.

In ta ce a sa ido, ka miƙa wa Injiniya ranakun hoton ya riƙe, shi ba zai bari a tsallake ko ɗaya ba, kuma zai sami inda zai sa hannun da yake ta nema. In ta ce a yi aikin, ka ɗauki jakarta ka raka ta da fuska a sake, tsoronka ka bar shi a shago. Ko wanne ta zaɓa, a gurup ɗin iyali ita za ta sanar, da kalmominta. Takardar yarda da aiki wuri ɗaya gare ta na sa hannun mara lafiya, kuma matarka ta iya rubutu.

Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar ɗanku, kai kuma ya ba ka juriyar jin amsar da wataƙila ba ita kake so ba.

Gwaggo