Sumar da Ka Sa Aka Zubar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar girmamawa, irin wadda ta wajaba a kan ƙani ko da zuciyarsa na tafasa. Allah Ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka buɗi a inda kake. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwar Baba ya yi sauƙi har ya koma zuwa shago da ƙafarsa, Umma na nan da keken ɗinkinta, Auta kuma ta ci jarrabawa. Ni ma na kama aikin da ka taya ni addu'a a kai, a sashen hulɗa da jama'a na kamfanin nan. Na zaɓi rubutu maimakon waya ne domin na san halinka: da na fara magana za ka fashe da dariya, ka ce layi ba kyau, ka kashe.

Yaya, ka sani sarai tun kafin in kammala jami'a nake tara suma, kuma ba bisa shirme ba, bisa nazari. Goshina mai faɗi ne, kunnuwana kuma, kamar naka, ba sa yarda a manta da su. Askin da ya dace da irin wannan halitta shi ne a rage gefe sannu a hankali daga ƙeya zuwa sama, a bar tsakiya ta yi tudu, a ɗan karkato da ita kan goshi. Shi ne abin da duk matashin da ya waye yake yi yanzu, kamar yadda ku ma a lokacinku kuka yi ta tsaga layi a gefen kai kuna ganin kun gama haɗuwa. Na kuma shaida maka cewa ranar farko ake ɗaukar hoton katin shaida, kuma ba a sake shi sai bayan shekaru. Katin nan a wuyana zai riƙa kwana yana tashi, shi baƙo zai fara kallo kafin ya ji abin da ke bakina.

Ana gobe zan fara aiki ka kira ni da murya mai taushi, ka ce kada in je shagon samarin nan na bakin titi, in je wurin Mai Almakashi, tsohon da ke yi wa gidanmu aski tun Baba na saurayi. Ka ce zai ji ciwo in ya ji na kama aiki ban leƙa shi ba, ka kuma rantse ya sayi sabon inji, ya iya askin zamani. Na amince, domin ban taɓa zaton munaƙisa daga gare ka ba. Na same shi a kan bencinsa yana goge mataji, na gaishe shi, na nuna masa hoton askin a wayata, na yi masa cikakken bayani daki-daki. Ya riƙa gyaɗa kai yana cewa ya gane, har ya yaba da hoton. Sannan ya ɗaura mini ƙyallen nan a wuya, ya juya kujerar ta ba wa madubi baya, kamar yadda yake yi tun muna yara, wai kallon madubi na sa mutum motsi. Ni da na karanta dabarun sadarwa, sai ga shi kujera mai juyawa ta yi mini wayo.

Na ji inji ya hau tsakiyar kaina, na ji iska na taɓa wurin da ta daɗe ba ta taɓa ba, na ga suma na zubowa kan cinyata tuli guda. Da na yunƙura sai ya dafe kafaɗata ya ce saura kaɗan. Ko da ya juyo da ni, ƙwal kwabo na gani, irin askin da ake yi mana ranar komawa makaranta, kunnuwana a tsaye kamar hannun tukunya. Na nemi bahasi cikin ladabi gwargwadon iko. Ya amsa mini hankali kwance cewa kai ka kira shi, ka ce yaron nan zai shiga cikin manya, a mai da shi mutum, kada a saurari surutunsa. Injin ma, Yaya, tsohon nan ne mai cizon ƙeya.

Washegari na tsaya gaban mai hoto da wannan kai. Ya tambaye ni ko rashin lafiya na yi. Wata abokiyar aiki ta ɗauka ɗan makaranta ne ya zo neman sanin makamar aiki, ta aike ni ɗauko takardu. Da na roƙi a jinkirta hoton sai suma ta tsiro, aka ce ƙa'ida ba ta jiran gashin kowa. Ga kwafin hoton nan na haɗo maka, ka duba aikin hannunka da kyau.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba gashin ba ne, shi zai dawo. Ha'incin ne. Da ka fito fili ka ce askin bai yi maka ba, da mun yi muhawara, na kawo hujjojina, ka kawo naka. Amma ka bi ta bayan fage, ka yanke hukunci a kan kaina, kai da kake can nesa, alhali na mallaki hankalina da takardar digirina. Sa'an nan, ina cikin wannan takaici, Auta ta nuna mini hoton da ka turo wa Umma kwanakin baya, wanda ka roƙa kada a nuna wa Baba. Gefe a rage, tsakiya a tudu, an karkato da ita kan goshi. Askina ne sak, Yaya, a kanka!

Saboda haka ina sanar da kai a hukumance cewa na kai hoton nan naka an wanke shi babba, an sa masa gilashi, na rataye shi a falo daidai inda Baba ke zama shan shayi. Ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Bai yi faɗa ba. Ya dai tambayi Umma yaushe ne hutunka, sannan ya aika aka gaya wa Mai Almakashi ya shafa wa kujerar mai, domin daga tasha can za a fara wucewa da kai kafin ka shigo gida. Na yi alkawarin rakiya, kuma ni zan juya kujerar da hannuna.

Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan yara tun suna da abin shafawa. Baba da Umma na sa maka albarka, Kawu da iyalinsa na gaisuwa, Auta ta ce kada ka ambaci sunanta a maganar hoton. Allah Ya kawo mana kai lafiya, da sumarka cikakkiya.

Naka cikin biyayya da jiran adalci,
Ƙaninka.