Sunan da Ya Kira Ranar da Mota Ta Kama da Wuta

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu manya da yara. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na mata na koya, hannuna bai gama faɗawa ba. Kada a buga sunana, wanda zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Don girman Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya isa.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Ƙanƙara, ina da goyon ɗan fari. Maigidana, Malam, yana da taubashiya, ɗiyar kawunsa, bari in ce da ita Hurera. Tana aure a Sabuwa, kitso ne sana'arta. Tun ina amarya nake jin tsofaffi na cewa da ita aka so a haɗa shi, Allah bai yi ba. In ta zo gidanmu sai ka ji dariyar Malam har waje, dariyar da ni ban taɓa samu ba. Wasan taubasai ne, na sani. To amma zuciya tana jin "na sani"?

Da kaka aka yi bikin ƙanena a Faskari, muka je da Malam da Inna surukata da Hurera. Da za mu dawo muka samu babbar mota sabuwa ful ta wani Alhaji na Funtuwa, har ƙanshin fenti take yi. Kun san al'ada, ba zan rungumi ɗan fari a gaban suruka da dangin miji ba, sai na miƙa wa Hurera yaron. Na haɗa mata da wata kwalba da uwata ta ba ni a ɓoye, rubutun sha ne na fitar haƙorin yaro, na ce ta sa a ƙullin kayanta kada Inna ta gani ta ce an raina maganinta. Ni na samu wuri can gaba, jikin katakon da ke bayan direba. Hurera na tsakiya tana ta zuba. "Kai bawana, matso ka tare mani rana!" Malam ya ce, "Ji ta, baiwa da aike! Wa ya ce ki taho ba malafa?" Mota duk aka yi dariya, ni kuwa na kafa ido a tsagar katako don kada a ga fuskata.

Ta wannan tsagar na gani. Tun da muka tsaya ɗaukar buhunan gyaɗa a Ruwan Godiya, wani abu yana ɗiga daga wani siririn tiyo, ɗis, ɗis, yana faɗawa kan bututun hayaƙi yana yin cuu, ga warin fetur. Na so in yi magana, amma yaya mace za ta ɗaga murya a gaban surukai ta koya wa direba aikinsa? Ba mu kai Mabai ba wuta ta taso daga nan daidai ƙarƙashina, na gan ta da idona tun tana ƙarama. Aka yi ta salati, ana tattake juna. Wani dattijo ne ya fizgo ni ya jefa ƙasa. Ina kwance ina jin muryar Malam, irin wadda ban taɓa ji ba, yana ƙwala kira: "Hurera! Hurera!" Ya kutsa cikin hayaƙi ya fito da ita a kafaɗa. Ya wuce ni, Malam Edita. Ƙafarsa har ta taɓa zanena, bai dube ni ba.

Yaron ko ƙwarzane bai yi ba. Hurera ta dunƙule shi a cikinta ne, ta riƙa kashe wutar zanen goyo da tafin hannu. Hannuwanta biyu suka ƙone, aka kai ta asibiti a Zariya, yanzu tana jinya a ɗakin Inna, yatsun sun ƙanƙame.

Na san abin da za ku ce. Ɗansa yana hannunta, kuma wane namiji ne zai kira sunan ɗan fari a bainar jama'a? Ni ma bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, "ke" ce. Sunanta kaɗai bakinsa ke da iznin faɗa. Na gaya wa kaina haka ba iyaka. Amma wa ya shiga wuta ya ɗauko, ɗan ko ita? Na taɓa daurewa na tambaye shi, na ce, "Malam, ran nan don wa ka koma?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke kau wace irin magana ce wannan? Allah ya tsare, shi ke nan." Kunya ba za ta bar shi ya ce don ɗana ba. Ko kuwa kunyar ce ya samu ya laɓe a bayanta?

Ga laifina. Alhajin mai mota ya ɗauki lauya ya kai ƙarar kamfanin da ya sayar masa, don an ce wasu irinta ma sun ƙone, tun inda aka ƙera su aka bi da tiyon mai kusa da ƙarfe mai zafi. In ya ci shari'a, waɗanda suka ji rauni za su samu diyya. Kamfani kuma ya ce kayan fasinja ne suka jawo. Suka turo mutuminsu da tafinta da ɗan doka gidan dagaci, aka kira mu mata ɗaya bayan ɗaya a bayan zaure. A safiyar nan na ga Malam ya tsuguna yana ba Hurera kunu da ludayi yana cewa, "Yau dai bawa ya yi ranarsa." Da wannan a ƙirjina na tafi. Tafinta ya ce, "Kin ga wani da kananzir?" Na ce, "Na dai ga kwalba a kayan Hurera." Ya ce, "Mine ne a ciki?" Na ce, "Allah masani." Maganar tiyo kuwa ban ko taɓa ta ba.

Yanzu gari ya ɗauka Hurera ce ta ƙone mota. Waɗanda suka ji ciwo suna aiko mata da baƙaƙen maganganu, mijinta ya daina zuwa dubiya, ana ma cewa za a iya ɗaure ta. Shekaranjiya na kai mata ruwan wanka ta ce, "Matar bawana, na gaya masu rubutu ne, sun ce mai laifi ba shi shaidar kanshi. Halan tsoron ɗan doka ne ya kama ki ran nan? Ba komi, yarinya ce ke." Sai ta ce in ɗora mata yaron a cinya tunda ba ta iya ɗauka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan sallah za a kwashi shaidu zuwa Kaduna, ɗan aiken lauyan Alhaji yana bi gida gida yana neman wanda ya ga inda wutar ta fara. Ni ce na gani. In na faɗa, dole a tambaye ni dalilin da na ce Allah masani a kan kwalbar da ni na ba ta, Malam kuma zai gane dalilin ko ban faɗa ba. Zai ƙara duban fuskata? In na yi shiru, matar da ta ba da hannuwanta saboda ɗana za ta ƙare da sunan mai ƙone mutane. Abin kunyar kuma, har yau in na ji dariyarsu daga ɗakin Inna sai in tsaya in kasa kunne.

Kitson da Hurera ta yi mini na bikin nan shi ne na ƙarshe da hannunta ya yi. Yana kaina har yanzu, ya tsufa, ya yi datti, Inna tana ta faɗa in tsefe, na kasa.

Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini. Me zan yi?