Zaren da Abbansu Ya Naɗe

Daren Juma'a, Gwale

Yau kwana huɗu da fitata daga takaba. Bayan la'asar Hafsa da Sadiƙ suka tsare ni, wai sai mun hau saman soro mun tashi jirgin leda, yadda suke yi da Abbansu duk Juma'a. Na ce ban iya ba. Hafsa ta ce, "Umma, mu mun iya, ke dai ki riƙe mana zare."

Su suka haɗa abinsu da baƙar leda da tsinken tsintsiya. Sadiƙ ya ɗauko zaren a bayan keken ɗinkin marigayi. Ragowar zaren ɗinki ne da yake ƙuƙƙullawa, ja da fari da kore, ya naɗe a guntun kara, naɗin nan nasa na gicciye da ban taɓa ganin wani ya yi ba.

Jirgi kuwa ya tashi, ya nufi wajen Ƙofar Na'isa. Suna ta ihu, "Umma saki! Ƙara saki!" Ni ma har da dariyata, ina ta saki, sai da na ji karan ba komai a jikinsa.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Naɗin ƙarshe ne da ya yi da hannunsa, na warware shi ina dariya.

Mun jawo jirgin da zarensa mun sauko, yara sun kwanta da murnarsu. Sau uku ina gwada mayar da zaren yadda yake, yana zamewa. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gefensa yana naɗin nan, ban taɓa cewa ya koya min ba.