Keziya Za Ta Sauka a PZ

Samaru, 9 ga Maris, 2006

Baban Keziya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ciwon ƙafar? Ka yi haƙuri da rubutuna, ajin yamma na coci bai gama gyara mini hannu ba.

Raina a ɓace yake. Keziya ta fara koyon ɗinki a shagon Madam Akunna a Sabon Gari. Yarinyar da ba ta ji, ba ta magana, wai ta hau bas ita kaɗai! Wa zai ce "akwai" a madadinta don a tsaya in an kai PZ, inda take sauka? Shi ya sa nake binta a ɓoye, in zauna can baya, in rufe fuska da gyale. Da mun iso sai in ɗaga murya, direba ya tsaya.

Ashe ta gane. Ta nuna mini da hannu cewa mota tana tsayawa tun ba ta buga jikin motar ba. Ta ƙi tuwona. Madam kuma ta ce, "Mama, tela za ki samu ko jaririya? Gobe ita zan aika kasuwa sayen zare. In na sake ganinki, ki tafi da abarki gida."

Kai kana Kafanchan, ni aka bari da fargaba.

Matarka,
Susanna

Samaru, 27 ga Maris, 2006

Baban Keziya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai barci.

Na sake binta, kada ka yi faɗa. Amma na yi wa Allah alkawari ba zan buɗe baki ba. Muka iso PZ, ta buga jikin mota, kiɗa ya hana kwandasta ji. Muka wuce. Na ciji gyalena har ya jiƙe. Sai ta fizgi rigarsa, ta ɗaga masa awon ɗinkinta a fuska, ta nuna baya. Mota ta tsaya. Ta sauka ta taka da ƙafa, ko waiwayena ba ta yi ba.

Ta makara, Madam ta yi faɗa, amma ba ta kore ta ba. Yanzu kwandastocin suna kiranta Tela, suna ajiye mata kujerar bakin ƙofa.

Na daina zuwa. Kullum da safe ina tsakar gida ina wanki, in na kintata sun kai PZ, sai in ji bakina ya ce "akwai". Kaji ne kawai suke juyowa.

Ka zo Ista. Tana ɗinka maka riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Za ka sa ta haka nan.

Matarka,
Susanna